Makullan kamfanoni da yawa a hannun injiniya guda

Ranar Juma'a 19 ga watan Yulin 2024, da ƙarfe 5 da minti 9 na asuba agogon Yamai, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura wani ɗan gyara zuwa kwamfutocin da ke amfani da manhajarsa ta tsaro. Gyaran na ɗauke da aibi. Cikin minti 78 kamfanin ya janye shi, amma aikin gama ya gama: kwamfuta miliyan 8 da rabi, a ƙiyasin Microsoft, sun tsaya cak da shuɗin allo. A filayen jiragen sama an koma rubuta tikiti da biro, asibitoci sun ɗage tiyata, kamfanin Delta shi kaɗai ya soke tashin jirage kusan dubu 7 cikin kwana biyar. Maganin ba shi da wuyar faɗi: a tada na'urar ta hanyar gaggawa, a goge fayil guda, a sake kunna ta. Sai dai kwamfutar da ta kasa tashi ba a iya taɓa ta daga nesa. Dole mutum ya je gabanta, ko ya riƙe mai ita a waya yana karanta masa lambobi 48 na buɗe faifan da BitLocker ya kulle, a gama da wannan a koma waccan.

Shugabannin kamfanoni ne aka riƙa nunawa a talabijin suna ba da haƙuri, amma waɗanda suka kwana a buro a wannan ƙarshen mako injiniyoyin tallafi ne, mutanen da sana'arsu ita ce kamfani ya wayi gari na'urorinsa na aiki. Da dama daga cikinsu ma ba ma'aikatan asibitin ko bankin da suka ceto ba ne. Suna aiki ne a wani kamfani na daban da aka ba riƙon na'urorin. Masu magana da Ingilishi na taƙaita sunan irin waɗannan kamfanoni da MSP, a Faransa kuwa infogérance ake ce wa harkar. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya san ba da kiwo. Mutumin gari na da shanu biyar, ba shi da lokacin bin su daji, sai ya haɗa su da garken makiyayi yana biyan ladan kiwo. Makiyayin na riƙe da dabbobin gida goma ko ashirin, ya san wadda ke ɗingishi, ya san inda ake samun ruwa da bazara. Haka farmasi, ko makaranta mai zaman kanta, ko kamfanin jigila da ba ya iya ɗaukar injiniya na dindindin yake miƙa kwamfutocinsa, da rezonsa, da akwatunan wasiƙunsa, da ajiyar bayanansa ga kamfanin riƙo, a kan kuɗin wata da aka yanke bisa yawan na'urori ko yawan ma'aikata.

Wannan sana'a na jan hankalin matasan Nijar, kuma da dalili. Kowace shekara jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da makarantu masu zaman kansu, na yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta da sadarwa, alhali gwamnati ba ta iya ɗaukarsu duka. Kasuwa kuma na ƙara dogaro da na'ura. Wanda ya taɓa tsayawa layi a gishen aika kuɗi aka ce masa "babu rezo" ya san abin da awa guda ta tsayawar aiki ke nufi ga mai jiran kuɗin magani daga ɗansa da ke Abijan ko Aljeriya. Matsalar ita ce matasan da masu kamfanonin duka suna kallon aikin da tsohon ido, na mai gyara da ake kira in abu ya lalace, a ba shi na mai, a sallame shi.

Aikin hawa-hawa ne. A matakin farko ana amsa waya: an manta lambar sirri, na'urar buga takarda ta ƙi, wasiƙa ba ta fita. Kowane kuka ana buɗe masa tikiti mai lamba, da lokacin da ya shigo, da nauyinsa. Abin da ya fi ƙarfin matakin farko ya hau na biyu. Abin da ya gagari na biyu shi ke isa ga babban injiniya, wanda bayansa babu kowa sai kamfanin da ya ƙera na'urar ko ya rubuta manhajar. Shi ake tasa daga barci in uwar na'urar wani banki ta mutu da ƙarfe 2 na dare, kuma shi zai yanke shawarar da ba ta da daɗi ko ta wane ɓangare: a ci gaba da laluben gyara, ko a koma kan ajiyar jiya a yi asarar aikin wuni guda.

Amma wannan shi ne ɗan abin da ake gani. Mafi yawan aikinsa ba ya yin ƙara. Shi ke tsara yadda za a saka gyare-gyaren manhaja, a gwada su a kan na'urori kaɗan tukuna kafin a sake su ga kowa. Shi ke tabbatar da ƙa'idar da ƴan sana'ar suka daɗe da yarda da ita game da ajiya: kofi uku na bayanai, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Kuma shi ke ware rana ya gwada dawo da bayanan daga ajiyar, don akwai kamfanoni da yawa da suka shekara suna ganin koren alama kowace safiya, sai ranar da gobara ta tashi suka tarar rumbun babu hatsi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ke rufe asusun ma'aikacin da aka sallama tun kafin ya kai bakin ƙofa. Shi ke rubuta yadda aka haɗa kowane rezo, saboda wanda zai gaje shi. Shi ne kuma zai zauna da mai kamfani ya gaya masa, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, cewa na'urar da yake alfahari da ita ta tsufa. Microsoft ta tsayar da 14 ga watan Oktoban 2025 a matsayin ranar daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. A ƙasar da yawancin buro ke aiki da na'urorin da aka riga aka yi amfani da su a Turai, wannan magana ce ta kuɗi, kuma wani ne zai faɗe ta a gaban mai kuɗin.

Akwai hikima a tsarin biyan wata-wata da ya kamata ƴan kasuwa su lura da ita. Mai gyaran da ake biya duk lokacin da abu ya lalace, abincinsa na cikin lalacewar. Kamfanin riƙo kuwa kuɗinsa ɗaya ne ko an kira shi sau ɗari ko ba a kira shi ba, saboda haka ribarsa na cikin zaman lafiyar na'urorin. A kan takarda, bukatar mai shanu da ta makiyayi sun zo ɗaya. Amma tsarin na da wata fuskar: hanya mafi sauƙi ta ƙara riba ita ce a ƙara abokan ciniki ba tare da an ƙara injiniyoyi ba. Daga nan sai mutum guda ya wayi gari yana tsalle tsakanin rezon asibiti da na otel da na ƙungiyar agaji, kowanne da irin haɗinsa, kowanne na ganin nasa ne ya fi gaggawa, agogon alƙawari kuma na tafiya.

Shi wannan alƙawari a rubuce yake a yarjejeniya, kuma mutane na sa hannu a kansa ba su lissafa ba. In aka ce na'ura za ta yi aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, abin na da daɗin ji, amma ma'anarsa an yarda ta tsaya fiye da kwana uku da rabi a shekara. In aka ce kashi 99.9, an rage zuwa ƙasa da awa tara. Tsakanin lambobin nan biyu akwai gurup, da ondilar, da layin intanet na biyu daga wani kamfanin daban, da mutumin da ba zai kashe salularsa da dare ba. Duk wanda ke son na biyun a farashin na farkon, a jikin wani ma'aikaci zai cire bambancin.

Haɗarin da ya fi girma shi ne na makullai. Don ya kula da ɗaruruwan kwamfutoci daga kujera guda, kamfanin riƙo na saka wa kowacce wata manhaja da ke ba shi ikon shiga daga nesa, ya saka abu, ya cire abu, ba sai mai na'urar ya sani ba. Ɓarayin intanet sun daɗe da gane cewa fasa wannan ƙofa ɗaya ya fi bin gidaje ɗaya-ɗaya. Ranar 2 ga watan Yulin 2021, ana shirin dogon hutun bikin ƴancin kan Amurka, gungun REvil ya bi ta wata kafa a manhajar VSA ta kamfanin Kaseya, wadda kamfanonin riƙo ke amfani da ita. Abokan cinikin Kaseya da abin ya taɓa kai tsaye ba su kai 60 ba, amma ta hannunsu cutar ta isa ga kamfanoni tsakanin 800 da 1,500, aka kulle musu bayanai. A ƙasar Suwidin ɗaruruwan shagunan Coop sun rufe saboda na'urorin karɓar kuɗi sun daina aiki, alhali Coop ba ta da wata hulɗa da Kaseya. Kamfanin da ke kula mata da na'urorin ne ke da ita. Ɓarayin sun nemi dalar Amurka miliyan 70. Mashaya ɗaya aka zuba wa guba, garke duka ya kwanta.

Wani zai ce wannan labarin manyan ƙasashe ne. A Nijar matsalar makullai ba ta ma jiran ɓarawo daga waje. Sanannen abu ne a buro da yawa cewa lambar sirrin uwar na'ura na cikin kan mutum guda, sunan shafin kamfani an yi rajistarsa da akwatin wasiƙar wannan mutumin na kansa, manhajojin ba na halal ba ne, ajiyar bayanai kuma na cikin ɗan faifai a aljihun teburin da kwamfutar ke kai. Ranar da ya samu biza, ko suka saɓa da uban gidansa a kan kuɗi, sai kamfani ya tarar an kulle shi a waje da gidansa. Laifin na ɓangare biyu ne. Mai kamfanin da ke riƙe injiniya shekara uku da sunan sitaj, ba takardar aiki, ba rajista a CNSS, shi ya koya masa riƙe lambar sirri a matsayin garkuwa. Injiniyan da ya yi hakan kuma ya ci amana, ko da an zalunce shi, don bayanan marasa lafiya ko albashin ma'aikata da ke cikin na'urar ba na uban gidansa kaɗai ba ne. Zalunci na da wurin kai ƙara: akwai sufetocin aiki, akwai kotun ma'aikata.

A kan wannan sai a ƙara abin da injiniyan Paris bai taɓa sa wa a lissafi ba. A farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na kuran da ƙasar ke amfani da shi, aka shafe watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. Ranar 14 ga watan Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma Nijar da ba ta da teku, wadda intanet ɗinta ke shigowa ta maƙwabta, ta ji a jikinta. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura. Wanda ya riƙe rezon kamfani a tsaye cikin wannan hali ya san abin da ba a koyarwa a littafin CCNA. Abin takaici shi ne a gida ne aka fi raina wannan sani.

Batun dare shi ne inda rainin ya fi fitowa. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta yanke awa 40 a mako, abin da ya haura a biya shi daban. Amma injiniyan da aka ce kada ya kashe waya, kada ya bar gari, kada ya yi nisa da kwamfutarsa daga Juma'a zuwa Litinin, shin yana aiki ne ko yana hutu? A Faransa, inda ƴan Nijar da dama ke wannan sana'a, doka ta ba wannan zaman jira suna, ta ce dole a biya shi da kuɗi ko da hutu, kuma duk lokacin da aka kira mutum ya tashi ya yi gyara a lissafa shi a matsayin cikakken aiki. Tun 1 ga watan Janairun 2017 ma akwai haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki a kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama. A nan kuwa abin da aka saba shi ne saƙon WhatsApp daga mai kamfani ana tsakiyar ɗaurin aure. Wannan ba maganar jin daɗin ma'aikaci kaɗai ba ce. Mutumin da bai yi barci kwana biyu ba, yana riƙe da ikon goge bayanan kamfani goma da umarni guda, haɗari ne ga duk goman.

Ga matashin da ke mafarkin ya zauna a Maraɗi yana yi wa kamfanin Turai aiki daga nesa, akwai gaskiya a mafarkin, akwai kuma abin da masu tallan kwasa-kwasai ba su faɗa. Agogon Nijar ɗaya ne da na Faransa da hunturu, bambancin awa guda ne kawai da bazara, ga Faransanci a baki, ga Starlink da ya samu izinin aiki a ƙasar. Amma Maroko, Tunisiya, Senegal da Madagaska sun riga sun yi nisa a wannan kasuwa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai kuma ta tsaurara sharuɗɗan fitar da bayanan jama'a zuwa ƙasashen da ba ta amince da kariyarsu ba, Nijar kuwa ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su, saboda haka kamfani ba ya miƙa makullan abokan cinikinsa ga wanda ke Yamai haka kawai don ya ga takardar shaida. Takardun Cisco, CompTIA ko Microsoft na buɗe ƙofar a saurari mutum. Girman matsayi kuwa ana samun sa ne bayan shekaru na tikiti, da ɓarnar da aka gyara, da rahoton da aka rubuta wani ya karanta ya gane. Shi ya sa Ingilishi da iya rubutu suka fi wata takardar shaidar ta uku amfani. Duk tallan aikin da ya ce a fara aika kuɗin kayan aiki ko na rajista kuwa, damfara ce.

Akwai kuma wata barazana ga matakin farko kansa. Sauya lambar sirri da amsa tambayoyin da ake maimaitawa su ne ayyukan da manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira suka fara karɓa. In aka cire wannan matakala, a ina matashi zai koyi aikin? Babban injiniyan da ke ɓoye saninsa don kada yaro ya gaje shi yana ƙara toshe hanyar, kuma yana ɗaure kansa: wanda shi kaɗai ya san yadda abu ke aiki ba ya samun hutun shekara.

A nan ƴan Nijar da ke wannan sana'a a Faransa, Kanada, Beljiyam ko Amurka ke da abin bayarwa da ya fi kwantenar tsofaffin kwamfutoci, waɗanda wasunsu ma ba za su ɗauki sabuwar manhaja ba. Sun ga yadda ake rubuta yarjejeniya, yadda ake raba zaman jiran dare tsakanin mutum huɗu, yadda ake zama bayan kowace ɓarna a binciki dalili ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Awa biyu a mako tare da ƙanen da ke matakin farko a Damagaram, ana duba tikitinsa ana gyara masa rahoto, ba ta buƙatar kuɗin kwastan.

Hukumomi ma na da nasu. Nijar na da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, an sake ta a 2022, akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaronta, akwai dokar laifukan intanet ta 2019, akwai hukumar da ke kula da harkar zamanantar da ayyuka. Abin da ƙaramin ɗan kasuwa ke buƙata daga gare su ba taro ba ne a babban otel. Samfurin yarjejeniya ne mai shafi biyu ko uku, da Faransanci da harsunan ƙasa, wanda mai asibitin kuɗi a Tawa zai iya ɗauka ya ajiye a gaban duk wanda ke neman riƙon na'urorinsa. A ciki a rubuta cewa lambobin sirri da sunan shafi mallakin mai kamfani ne, kofinsu na hannunsa a ambulan da aka rufe. A rubuta sunayen waɗanda ke da ikon shiga, kowa da asusunsa, kowa da tabbaci na biyu a salularsa, yadda in an yi ɓarna za a san hannun wa. A rubuta inda ajiyar bayanai take, a wace ƙasa, da sau nawa a shekara za a gwada dawo da ita a gaban mai kamfani. A rubuta cikin awa nawa za a sanar da shi in an fasa rezon kamfanin riƙon, da yadda za a miƙa komai cikin kwanaki ƙidayayyu ranar da aka rabu. Ma'aikatun gwamnati da manyan ƙungiyoyin agaji, waɗanda su ne suka fi ba da irin wannan kwangila, na iya ƙara sharaɗi guda a takardun neman tayi: kamfanin da bai nuna rajistar injiniyoyinsa a CNSS da jadawalin biyan zaman jiran dare ba, ba za a buɗe ambulan farashinsa ba.